Mudun da Ake Auna Masu Jin Rediyo da Shi

Kowane abu a duniyan nan yana da ma'auninsa. Gero da dawa da shinkafa da mudu ake auna su, ko da tiya. Yadi da kamu ake auna shi, gona da igiya, tafiya kuwa da mil. Shanu da tumaki kai ake ƙirgawa. Duk waɗannan abubuwa ne da ido ke gani, hannu ke taɓawa, in an yi gardama a kansu sai a sake awo a gaban shaidu, magana ta ƙare. To, amma akwai wani abu da ake ƙidayawa a zamanin nan wanda ba a ganinsa, ba a kuwa iya tara shi wuri guda, watau mutanen da ke jin rediyo. Magana ta fito daga bakin mutum guda a Landan ko a Kaduna, ta bi iska, ta shiga zaure, ta shiga ɗakin amarya, ta shiga ruga, ta shiga kwalekwalen masunci a tsakiyar fadama, ba ta bar sawu ba. Duk da haka sai ka ji gidan rediyo ya ce mutum miliyan kaza ke saurarensa. Wa ya ƙirga su? Da wane mudu aka auna?

Ni mutumin Kafin Hausa ne, cikin ƙasar Hadejia, tun ina yaro kuwa nake jin irin wannan lissafi. Abin da na tattara game da shi shi nake so in shimfiɗa maka, kai mai karatu, domin ko ka sani ko ba ka sani ba, kai ma kana cikin waɗanda ake ƙirgawa, kuma ana yanke shawarwari masu nauyi bisa ga wannan ƙirga.

Bari mu fara da yadda rediyo ya zo mana. A shekarar 1944 aka kafa tashar rarraba magana ta waya a Kano. Wannan ba irin rediyon da muka sani yanzu ba ne. Akwati ne ake kafa wa mutum a ɗaki, a jawo masa waya daga tasha, shi kuwa ya riƙa biyan kuɗin haya. A wannan zamani ƙirga ba ta da wuya, don kowane akwati yana rubuce cikin littafi tare da sunan mai shi. Amma wayar ba ta wuce manyan birane ba, balle ta iso ƙauyukanmu.

Sa'an nan rediyo mai kama magana daga iska ya yaɗu. Ran 13 ga Maris 1957 BBC ta fara magana da Hausa daga Landan, Malam Aminu Abdullahi Malumfashi ne ya buɗe, shirin kuwa na minti 15 ne kacal. A 1962 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna. Jamus ta soma nata shirin Hausa a 1963, Muryar Amurka ta biyo baya a 1979, Rediyon Faransa kuwa a 2007. Mutanen Sin da na Masar da na Iran da na Rasha duk sun taɓa buɗe nasu. Ka ga ke nan manyan ƙasashen duniya suna ta rububin kunnen Bahaushe. Da ƙaramin rediyo mai batir ya yi araha, sai kowa ya samu: manomi ya rataya nasa a reshen itace yana huɗa, makiyayi ya saɓa nasa a kafaɗa tare da sanda. Tun daga ran nan littafin rajista ya daina amfani, gama ba wanda ya san yawan akwatunan da ke cikin ƙasa, balle yawan kunnuwan da ke kewaye da su.

Mai yiwuwa ka ce, to, mene ne abin damuwa? Wanda ya ji ya ji, wanda bai ji ba shi ya so. A'a, akwai mutum uku da ba su iya barci sai sun san wannan lissafi. Na fari shi ne mai talla. Kamfanin da zai biya kuɗi a yi masa tallar sabulu ko takin zamani ba ya son cinikin biri a sama, yana so ya san mutum nawa za su ji. Na biyu shi ne mai biyan kuɗin gidan rediyon. Tashoshin ƙasashen waje da ke mana magana da Hausa da dukiyar jama'ar ƙasarsu ake tafiyar da su, kowace shekara kuwa sai an tambayi shugabanninsu, "Kuɗin nan da muke zubawa, wa ke jin maganar?" Na uku shi ne mai shirya shirin da kansa, wanda ke zaune cikin ɗaki a rufe yana magana da ƙarfe, ba ya ganin fuskar kowa.

Dabara ta fari da aka yi ita ce ƙirga wasiƙu. Manyanmu suna tune da zamanin Zaɓi Sonka na Rediyon Kaduna, sa'ad da samari ke kafa ƙungiyoyi suna aika katin gaisuwa, da kuma Amsoshin Takardunku na BBC, inda ake amsa tambayoyin masu saurare. Wasiƙu sukan zo buhu buhu, ma'aikata su yi murna. Amma ka duba da kyau. Wa ke rubuta wasiƙa? Sai wanda ya iya rubutu, yana da kuɗin kan sarki, yana kuma kusa da gidan waya. A garinmu na san wani tela, Allah ya ji ƙansa, wanda ba ya ƙetare mako bai aika da kati ba, har mutanen nesa suka haddace sunansa. A layinsu kuwa akwai tsofaffi da mata da yawa da ba su taɓa fashin jin labarai ba, ba su kuma taɓa aika ko da layi guda ba. Wanda ya ƙirga wasiƙu zai ƙirga telan nan sau hamsin a shekara, su kuwa ko sau ɗaya. Wasiƙa tana nuna zafin son da wasu ke yi wa shiri, amma ba ta faɗin yawan masu jinsa.

Don haka masana suka koma ga wata dabara wadda kowane ɗan kasuwar hatsi ya san ta. In ka je kasuwar Hadejia sayen shinkafa, ba za ka zazzage buhu ka ƙirga ƙwaya ɗaya ɗaya ba. Za ka soka hannu ko ƙarfe, ka ɗebo kaɗan, ka duba, ka yanke hukunci a kan buhun duka. Haka uwargida ba ta shanye tukunya don ta san gishiri ya ji, ɗan cokali guda ya isa. Masu ƙidayar nan ma haka suke yi. Sukan zaɓi mutum dubu biyu ko dubu uku daga sassan ƙasa, su aika ma'aikata su tambaye su ɗaya bayan ɗaya, "Wace tasha ka saurara cikin kwana bakwai da suka wuce?" Sa'an nan su yi lissafi.

Ga misali don abin ya fito sarai. A ce an tambayi mutum 2,000, mutum 500 daga cikinsu suka ce sun ji wata tasha cikin makon. Watau ɗaya cikin huɗu ke nan. In manyan mutanen ƙasar sun kai miliyan 100, sai a ce masu jin tashar miliyan 25 ne. Ka ga, kowane mutum guda da aka tambaya ya tsaya a madadin mutum 50,000. Amsarsa ta zama amsarsu, ƙaryarsa ta zama ƙaryarsu, mantuwarsa kuma ta zama mantuwarsu. Miliyoyin nan da kake ji ana faɗi, duk ta wannan hanya aka samo su. Ƙiyasi ne, ba a bi gida gida an ƙirga ba.

Wannan sana'a a Amurka ta fara ƙarfi. A 1930 wani mai suna Archibald Crossley ya soma buga wa mutane waya yana tambayarsu abin da suka saurara jiya. Da aka ga mutum mai mantuwa ne, sai wani kuma, C. E. Hooper, ya sake dabara a 1934, ya riƙa tambaya, "Me kake saurare yanzu yanzun nan?" A 1942 kamfanin Nielsen ya fara maƙala wata na'ura a jikin rediyon wasu gidaje, tana rubuta lokacin da aka kunna da tashar da aka kama. A Ingila kuwa BBC ta buɗe ofishin binciken masu saurare a 1936, ta ɗora Robert Silvey a kansa. Tun daga 1992 wata hukuma mai suna RAJAR ce ke wannan aiki a Ingila, takan ba zaɓaɓɓun mutane littafi su riƙa rubuta abin da suka ji har mako guda. A manyan biranen Amurka, daga 2007, wata 'yar na'ura ake ba mutum ya rataya a jikinsa, ita ke jin wata ɓoyayyar alama da tasha ke sakawa cikin muryarta, ta rubuta da kanta.

To, dabarar ɗiban kaɗan tana da sharaɗi babba. Uwargida sai ta motsa tukunya tukuna sa'an nan ta ɗanɗana. Mai sayen shinkafa kuwa in ya ɗiba daga bakin buhu kaɗai, ya faɗa hannun maha'inci, wanda ya zuba mai kyau a sama ya ɓoye tsakuwa a ƙasa. Akwai wani labari na gaskiya da masu wannan ilmi ke koya wa ɗalibansu. A 1936 ana shirin zaɓen shugaban ƙasa a Amurka, wata mujalla mai suna Literary Digest ta aika wa mutum miliyan 10 takardun tambaya, fiye da miliyan 2 suka amsa. Ta buga cewa Landon zai ka da Roosevelt. Wani kuwa mai suna George Gallup ya tambayi mutum wajen 50,000 kaɗai, ya ce Roosevelt zai ci. Da aka yi zaɓe Roosevelt ya cinye jiha 46 cikin 48. Ina dalili? Mujallar ta samo yawancin sunayen daga littafin masu wayar tarho da na masu mota, watau masu hali, sa'an nan waɗanda suka ga dama kaɗai suka amsa. Talakawa kuwa, waɗanda suka fi yawa, ba a ji bakinsu sosai ba. Ta ɗibi da yawa, amma daga bakin buhu. Gallup ya ɗibi kaɗan, amma ya soka hannu har ƙasa.

Yanzu mu dawo gida, mu ga inda ƙasan buhun yake. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta ba ƙaramar hukumar Kafin Hausa mutum fiye da 260,000, yawancinsu kuwa a ƙauyuka suke. Ka ɗauka an turo ma'aikacin bincike daga Ikko ko Kano, an ce ya tambayi mutum ashirin a ƙasarmu. In ya zo da damina, sa'ad da kogin Hadejia ya cika ya tumbatsa, ya malale fadamu, akwai garuruwan da ba ya isa gare su sai da kwalekwale. In malalaci ne sai ya tsaya a bakin kwalta, ya tambayi 'yan tasha da ɗaliban jami'ar da aka kafa a garin a 2013, ya cika takardarsa ya koma. Waɗannan samari kuwa yawancinsu a wayar hannu suke samun labari. Sai a rubuta cewa mutanen nan sun bar rediyo, alhali masunci da manomin shinkafa da Bafillacen da ke bayan ruwa ba su da abokin hira irinsa.

In ma ya shiga gari, akwai sauran shinge. Namiji baƙo ba ya wuce zaure. Matan aure kuwa, waɗanda ke wuni a gida suna daka, suna dafuwa, suna saƙa, rediyo na gefensu tun safe har dare, su ne ma suka fi daɗewa tare da shi. In ba a turo mace ta shiga ta tambaye su ba, rabin jama'a ya fita daga lissafi. Wani lokaci kuma maigida ya ce shi zai amsa a madadin iyalinsa, ya faɗi tashar da shi yake so. Haka kuma binciken da ake yi ta wayar hannu, wanda ya yawaita don ya fi araha, ba ya samun wanda ba shi da waya, ko wanda ƙauyensu ba ta kamawa. Wuraren da babu zaman lafiya kuwa sau da yawa tsallake su ake yi.

Akwai kuma tsoron ƙirga, wanda muka gada. Kakanninmu sun san in baƙo ya zo da littafi da alƙalami yana tambayar mutum nawa ne a gida, haraji ke biye da shi. Fulani sun san in an zo ƙirga shanu, jangali ne, don haka sukan kora rabin garke cikin daji. Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a 1979, lokacin muna cikin Jihar Kano, kafin a yanke mana Jigawa a 1991. Amma har yau tsoho in ya ga mai takarda sai ya ɗaure fuska, ya ce shi bai san kome ba. Wani kuwa kunyar baƙo ce ke sa shi ya amsa da "I" ga duk tashar da aka ambata, don kada ran baƙo ya ɓaci. Na farko ya rage mudu, na biyu ya yi masa tozo, duka biyu kuwa sun ɓata awo.

Sa'an nan ga wata tambaya da ta fi waɗannan wuya: wane ne mai saurare? Wani dare na zauna teburin mai shayi, ana labaran ƙarfe takwas da rabi, na ce bari in gwada ƙirga da kaina. Rediyo ɗaya ne, mu goma sha huɗu ne a kan benci. Shida sun kasa kunne sosai, har suna tsawata wa mai surutu. Huɗu suna gardamar kuɗin taki, sai in an ambaci Nijeriya su yi shiru. Biyu cin burodi ya ɗauke musu hankali, ɗaya yana gyangyaɗi, shi kuwa mai shayin yana ji yana aiki. Mutum nawa zan rubuta? Wanda ya ƙirga akwati zai ce ɗaya. Wanda ya ƙirga kawuna zai ce goma sha huɗu. Wanda ya ƙirga hankula zai ce shida ko bakwai. Kashegari kuwa labarin ya riga ya zaga kasuwa da bakin rijiya, ya kai ga mutanen da ba su zo kusa da rediyon ba. A ƙasar Hausa magana tana da ƙafa, ba wani mudu da ke auna wanda ya ji daga bakin wanda ya ji.

Tun da yake haka ne, kowace hukuma sai ta yanka wa kanta ƙa'ida. Manyan tashoshin duniya, irin su BBC, sukan ƙirga duk wanda ya saurare su ko da sau ɗaya ne cikin mako. A Ingila sai mutum ya ji tasha na minti 5 a jere sa'an nan a sa shi cikin lissafin mako. Masu talla a Amurka sun fi kula da yawan mutanen da ke saurare cikin kowane rubu'in sa'a, wannan adadi kuwa kullum ya fi na mako ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Wasu tashoshi kuma sukan faɗi yawan mutanen da ke zaune inda muryarsu ke kaiwa, su bar mai ji ya zaci duk masu saurare ne. Wannan kamar mai tallar fura ne ya ce duk wanda ya shigo kasuwa yau mai sayen furarsa ne. Na intanet kuwa wayoyi da kwamfutoci ake ƙirgawa, mutum guda mai waya biyu yana iya zama mutum biyu.

Ka san dai mudun wani gari ya fi na wani gari girma. Wanda ya auna da ƙaramin mudu ya ce hatsinsa mudu ɗari ne, wanda ya auna da babba ya ce nasa tamanin ne, mai yiwuwa na biyun ya fi hatsi. Don haka in ka ji an jera shirye-shiryen duniya, an ce wannan ya fi wancan yawan masu saurare, kada ka yi saurin gaskatawa. Galibi binciken da ake yi a ƙasashe da yawa sunan tasha yake tambaya, bai cika bin shiri ɗaya ɗaya ba. Adadin duniya kuwa haɗe-haɗe ne: a ɗauko binciken wannan ƙasa na bana, a haɗa da na waccan na shekaru biyu ko uku da suka wuce, ƙasar da ba a samu shiga ba a bar ta babu kome. Daɗin daɗawa, mai kaya shi ke faɗin awon kayansa, mai talla kuwa ba ya kushe abin da ke bisa kansa.

Duk da haka, da babu gara ba daɗi. In tasha guda ta riƙe mudu guda shekara da shekaru, ana iya gane hawa da sauka. A 2010 BBC ta ce masu bin sashenta na ƙasashen duniya miliyan 180 ne a mako, sun ragu daga miliyan 188 na shekarar da ta gabata, ta kuma ce raguwar daga masu kama gajeren zango take. A 2019 ta ce ƙasashen da suka fi bin labaranta su ne Indiya da mutum miliyan 50, Nijeriya miliyan 41, Amurka miliyan 38. A 2024 ta ce jimlar masu bin ta a wajen Ingila miliyan 450 ne a mako. Amma lura, waɗannan adadi sun haɗa rediyo da talabijin da intanet cikin buhu guda. Sashen Hausa kuwa an daɗe ana sa shi cikin sassan BBC da suka fi jama'a, ana ƙiyasta masu jinsa wajen miliyan 20 a mako.

Yanzu ga inda maganar ta shafi tuwonmu. Idan kuɗi ya yi ƙaranci, shugabannin gidan rediyo sukan buɗe littafin lissafin nan su duba inda za su yanke. A 2011 BBC ta rufe sassa biyar, har da na harshen Fotugis da take yi wa mutanen Afirka. A 2015 Jamus ta rufe tasharta ta Kigali, cikin ƙasar Ruwanda, wadda ta shekara hamsin tana harbo gajeren zango zuwa sassan Afirka. A watan Janairu na 2023 BBC ta daina rediyo da Larabci bayan shekara 85, ta ce jama'a sun koma talabijin da intanet, amma ta bar rediyon Hausa. Gajeren zango yana da tsada ƙwarai, yana shan wutar lantarki mai yawa, don haka duk ran da takarda ta nuna masu kama shi sun ragu, wuƙa na kusa da shi. Shi ne kuwa zangon da ke kaiwa inda FM ba ta kai, inda babu lantarki, inda waya ba ta kamawa. Watau mutanen da suka fi bukatarsa su ne waɗanda mai ƙirga ya fi wuyar samu.

Ba lissafi kaɗai ke rufe bakin tasha ba, siyasa ma tana yi. A watan Agusta na 2023 hukumomin sojan Nijar suka dakatar da Rediyon Faransa, a Disamba na 2024 kuma suka dakatar da BBC na wata uku. A watan Maris na 2025 Shugaba Trump ya sa hannu a kan wani umarni, Muryar Amurka ta yi shiru, har da sashenta na Hausa. Amma ka lura da abin da masu kare ta suka ɗaga sama a lokacin: adadin masu bin ta, wanda suka ce ya haura miliyan 350 a mako. Ko a gaban masu mulki, wannan lissafi shi ne makamin da ake kare tasha da shi.

Mu da ke zaune a bakin kogi mun san amfanin rediyo fiye da na birni. Ruwan da ke zuwa mana yana biyowa ta madatsar Tiga, wadda aka gama a 1974, da ta Challawa, wadda aka gama a 1992. In damina ta yi ƙarfi, ko aka saki ruwa, sanarwa ta rediyo tana cikin abubuwan da ke riga ruwan isowa. A ambaliyar 2022, wadda ta rushe gidaje a Bulangu da wasu garuruwan ƙasarmu, ta kuma cinye gonaki, mutane da yawa sun kwana da rediyo a kunne suna jiran labarin hanya da na agaji. Haka lokacin rigakafi, da lokacin rabon taki, da ranar zaɓe. Hukumar da za ta ba da sanarwa takan duba lissafin nan ta zaɓi tashar da aka ce ta fi jama'a, da sa'ar da aka ce an fi saurare. In lissafin ya karkace, sai a yi shela inda babu kowa, a bar mai bukata cikin duhu.

Saboda haka ga shawarata gare ka, ɗan'uwa. In ka ji an ambaci miliyoyin masu saurare, yi tambaya huɗu kafin ka karɓa. Wa ya yi ƙirgar, mai kayan ne ko wani dabam? A wace shekara aka yi ta? Su wa aka tambaya, 'yan birni kaɗai ko har da na ƙauye, maza kaɗai ko har da mata? Da wane mudu aka auna, na mako ne, ko na rubu'in sa'a, ko kuwa na inda murya ke kaiwa? Matambayi ba ya ɓata. Wanda ya riƙe tambayoyin nan zai ga sun yi masa amfani har a wasu wurare, ko a maganar zaɓe, ko ta farashi, ko ta yawan jama'a.

In kuwa wata rana mai bincike ya yi sallama a ƙofar gidanka, ya nuna shaidar aikinsa, mai unguwa kuma ya san da zuwansa, to, shimfiɗa masa tabarma. Ba haraji ya kawo shi ba. Faɗa masa gaskiyar abin da ka ji cikin makon, kada ka ƙara don ka faranta masa, kada ka rage don tsoro. In da mace cikinsu, bari ta shiga ta ji daga bakin iyalinka, gama kunnensu ba naka ba ne. In kuma ka ga zai tsaya a bakin kwalta, nuna masa hanyar ƙauyukan da ke bayan ruwa, ka gaya masa inda ake samun kwalekwale. Ka tuna a wannan sa'a bakinka na mutum dubbai ne, masunta da manoma da makiyaya da matan aure na ƙasar Hadejia waɗanda ba za a taɓa tambaya ba. Abin da ka faɗa shi za a rubuta a kansu, shi kuma za a karanta a Kaduna da Landan da Bon ran da aka zauna shawarar muryar da za a bari da wadda za a kashe.